Me Ya Sa Japanawa Suka Sa Mutum Cikin Rigar Dodo, Kuma Yaya Ake Yi Ƙaramin Gini Ya Rushe Kamar Na Gaske?

Wani malamin makaranta ya aiko da tambaya bayan ya zauna da 'ya'yansa sun kalli wani tsohon fim ɗin Godzilla. Ya ce yaran sun yi ta ƙyaƙyata dariya, domin ko ba a faɗa ba kowa ya ga mutum ne a cikin rigar roba yake tattaka gidajen wasa. Abin da yake son sani shi ne, rashin kuɗi ne ko ƙarancin ƙwarewa ya sa Japanawa suka shafe shekara hamsin a kan wannan dabara, alhali Amurkawa suna da wasu hanyoyin? Sannan in har abin wasan yara ne, me ya sa a wasu wurare, musamman inda gini yake zubewa, shi kansa ya yi tsit yana kallo?

Malam, tambayarka ta biyu ta fi nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin a cikinta asirin sana'ar yake. Ta farko kuwa amsarta ba ta da wuya. Ƙarancin lokaci da na kuɗi su ne suka haifi rigar dodo a 1954, amma ƙarancin ƙwarewa ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Japanawa suna kiran waɗannan manyan dodanni kaiju, wato dabba mai ban al'ajabi, sana'ar haɗa hotunansu kuma tokusatsu, wadda ma'anarta ɗaukar hoto ta musamman. Rigar da yaranka suka yi wa dariya ɓangare ɗaya ce kawai na wannan sana'a, kuma a ganina ba ita ce mafi wuya ba.

Ya kamata a fara sanin halin da aka yi fim ɗin farko a ciki, domin shi ya tsara kamanninsa. A farkon 1954 furodusan kamfanin Toho, Tomoyuki Tanaka, yana shirin wani fim na haɗin gwiwa da Indunusiya, sai shirin ya wargaje ya bar masa giɓi a jadawalin shekarar. A daidai lokacin kuma ƙasar tana cikin tashin hankali. Ranar 1 ga Maris Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibiran Bikini, farar toka mai guba ta yi sa'o'i tana zuba a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a cikinsa. Dukansu sun kamu da rashin lafiya, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba, mutane kuma suka ƙaurace wa kifin tuna a kasuwanni. Shekara tara ke nan kacal da Hiroshima da Nagasaki, da kuma daren 10 ga Maris 1945 da bama-baman wuta suka ƙone wani babban yanki na Tokyo. Daraktan da aka ba aikin, Ishiro Honda, tsohon soja ne da ya ratsa ta kangon Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida. Saboda haka Gojira, wato fim ɗin Godzilla na farko da sunansa na Japananci, wanda aka fara haskawa a faɗin ƙasar ranar 3 ga Nuwamba 1954, ba don yara aka yi shi ba. Masu kallonsa sun taɓa gudu daga gobara a waɗannan titunan da idonsu, kuma ba za a iya ruɗarsu da gobarar wasa ba.

Wanda aka ɗora wa nauyin haɗa dodon shi ne Eiji Tsuburaya, haifaffen garin Sukagawa a 1901. Tun 1942 ya gina ƙaramin samfurin tashar jiragen ruwa ta Pearl Harbor domin wani fim ɗin yaƙi, inda ya shimfiɗa wani abu mai kama da jeli, wanda ake samu daga ciyawar teku, ya zama ruwan teku kamar yadda matuƙin jirgin sama zai hango shi. Irin waɗannan finafinai na farfaganda su ne suka ja masa kora daga Toho a 1948, zamanin mamayar Amurka. Fim ɗin da ya fi burge shi a duniya shi ne King Kong na 1933, kuma burinsa ya yi aiki da dabarar da Willis O'Brien ya yi amfani da ita a ciki: a ƙera 'yar tsana mai gaɓoɓin ƙarfe, a motsa ta ƙiris, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa, a sake ɗauka. Sai dai fim yana cin hoto 24 a kowane sakan, wato 1,440 a minti ɗaya, kuma kowanne sai an tsara shi da hannu. Da Tsuburaya ya yi lissafi da ma'aikatan da yake da su, sai ya ga aikin zai ci kimanin shekara bakwai, shi kuwa watanni aka ba shi. Daga nan ya yanke shawarar a sa mutum cikin riga, a gina masa birni daidai tsawonsa.

Rigar farko azaba ce tsagwaronta. An yi ƙashinta da gora da waya, aka cusa auduga da ƙyalle, aka lulluɓe da wata roba mai kauri wadda ta sandare bayan ta bushe, nauyinta ya kai kimanin kilo 100. Ta yi taurin da tafiya a cikinta ta gagara, har aka raba ta biyu, aka riƙa amfani da rabin ƙasan, a rataye a kafaɗa kamar wando, wajen ɗaukar hoton ƙafafu suna taka gidaje. Haruo Nakajima, mai shekara 25 a lokacin, shi ya fi ɗaukar wannan wahala, tare da Katsumi Tezuka. Kansa yana cikin wuyan dodon, yana leƙen hanya ta wasu ƙananan huda, kan dodon kuma yana bisa nasa, jelar tana hannun wani ma'aikaci da ke jan ta da waya daga sama. Mintuna kaɗan yake iya yi a ciki, wani lokacin ya suma, in an zare shi kuma a tsiyaye gumin da ya taru a ƙafafun rigar. Tun da babu wanda ya taɓa ganin yadda irin wannan halitta take tafiya, sai ya riƙa zuwa gidan namun daji na Ueno yana zaman kallon giwaye da sauran manyan dabbobi. Ya ci gaba da sa rigar Godzilla a finafinai 12, har zuwa 1972.

Yanzu ga abin da ya sa ka yi tsit. Idon ɗan Adam yana auna girman abu da saurin faɗuwarsa, ko mai idon bai san yana yi ba. Godzilla na 1954 tsawonsa mita 50 ne a labari, rigar kuma kimanin mita 2, saboda haka aka gina birnin bisa ma'aunin ɗaya cikin 25. To, dutsen da ya suɓuto daga tsayin mita 50 sai ya yi sakan 3 da 'yan kai kafin ya taɓa ƙasa, wanda ya faɗo daga mita 2 kuwa bai cika kashi biyu cikin uku na sakan ɗaya ba. Komai kyawun ƙaramin gini, komai yawan tagoginsa, in ya zube cikin ƙiftawar ido to ƙwaƙwalwa ta gama yanke hukunci cewa abin wasa ne. Maganin wannan shi ne a sa kyamara ta yi gudu. In ta ɗauki hotuna masu yawa a sakan ɗaya, aka zo haskawa bisa 24 da aka saba, sai komai ya yi sanyi, ya yi nauyi.

Nawa za a ƙara gudun? A nan ne da yawa suke kuskure, su ɗauka tun da an rage girma sau 25 sai a rage sauri sau 25. Ba haka faɗuwa take aiki ba. Ana neman lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin, wato 5 ga ma'aunin 25, domin tsakanin sakan 3 da 'yan kai da kashi biyu cikin uku na sakan, ninki biyar ne. Hoto 24 sau 5 ya ba da 120 a sakan. Wannan shi ne abin da lissafi ya ce, a wurin aiki kuwa mai ɗaukar hoto yakan sauko ƙasa da haka in dodo ne yake tafiya, ya ƙara in fashewa ce ko ruwa. Wani nauyin kuma ya koma kan mai riga, domin dole ya yi motsi da hanzari, cikin kilo 100, don a gan shi a allo yana takawa a hankali cikin isa. An ga akasin haka a fim na biyu a 1955, inda aka yi kuskuren saita wata kyamara ta yi ƙasa da gudun da aka saba, sai dodannin biyu suka fito suna kokawa da sauri kamar karnuka. Tsuburaya ya ga abin ya yi kama da faɗan namun daji, ya bar shi. Ni dai ban taɓa yarda da wannan hukunci nasa ba, domin duk wanda ya kalli wurin zai ga girman dodannin ya zube nan take.

Wannan abu ne da za ka iya gwadawa da yaranka, tun da wayoyin hannu da yawa yanzu suna ɗaukar hoto 120 a sakan. Na taɓa yi da wasu ɗalibai. Muka yi tubala na laka, kowanne kamar kwalin ashana, muka shanya suka bushe, muka jera katanga mai tsayin gwiwa, muna barbaɗa toka a tsakanin sahu da sahu. Ɗaukar farko a tsaye muka yi ta, da gudun da aka saba, wani ɗalibi ya ture katangar da ƙafa, abin ya fito yadda yake, yaro ya shuri laka. A ta biyu muka kwantar da wayar a ƙasa tana kallon sama, muka kunna ɗauka mai sauri. Katangar ta fara tsagewa daga tsakiya, ta yi jinkiri kamar tana shawara, sannan ta kife, tokar ta tashi ta turnuƙe kamar ƙurar rusau. Ɗaliban suka yi shiru irin wanda ka yi. Abin da ya tona mana asiri ƙuda ne guda ɗaya da ya gitta gaban wayar, wanda bisa ma'aunin katangarmu ya fi ungulu girma.

Gudun kyamara yana jawo wata matsalar, kuma ita ce ta dafa Nakajima. In kyamara tana ɗaukar hoto ninki biyar, kowane hoto kashi ɗaya cikin biyar na haske yake samu. Bayan haka, in aka kusanto da kyamara ga ƙaramin abu, gaba da baya sukan dushe, tsakiya kaɗai ya fito fes, kuma wannan dushewar ita ma tana shaida wa ido cewa abin ƙarami ne. Domin titi ya fito tar daga farko har ƙarshe dole a tsuke ƙofar hasken gilashin kyamara, wanda ya ƙara rage hasken. Sai aka cike giɓin da manyan fitilu birjik a saman rumfa, masu zafi kamar maƙera, a ƙarƙashinsu kuma ga mutum a kulle cikin roba. Tsuburaya ya mayar da wannan zafi abin amfani a wuri ɗaya da ya shahara: turakun wutar lantarkin da numfashin Godzilla ya narkar, da kaki aka yi su aka shafa musu fenti, aka matso da zafi kusa da su har suka lanƙwashe suka zube.

Su kansu gine-ginen ba na kwali ba ne, domin kwali lanƙwasa yake yi, ba ya farfashewa. An zuba su da farar filasta mai saurin karyewa, aka yi wa bango tsaga ta ciki a inda ake son ya rabe, aka yi benaye da ɗakuna a ciki don kada a ga fanko in ya buɗe, wasu rufin ma ɗaya bayan ɗaya aka jera musu fale-falen. Ma'aikata sun bi unguwar Ginza suna aunawa suna ɗaukar hoto, har da hasumiyar agogon Wako da kowane ɗan Tokyo ya sani. Ginin majalisar dokoki ya fi Godzilla tsawo a zahiri, saboda haka aka ƙanƙanta shi fiye da sauran don dodon ya rinjaye shi. Gidajen da ke nesa akan yi su ƙanana fiye da na kusa, a zana sararin sama a labulen baya, a saki hayaƙi kaɗan ya dusashe nesa kamar yadda hazo yake yi. Kuma duk wannan aiki na makonni ɗauka ɗaya yake jira. In mai riga ya yi tuntuɓe, ko albarushi ya tashi kafin lokaci, sai a koma gini daga tushe. Ɗaukar fim ɗin a baƙi da fari, da sa dodon ya fito da dare, sun rufa asiri ƙwarai, domin duhu yana ɓoye waya da ɗinkin riga.

Abubuwa biyu ne suka ƙi jin magana har aka daina sana'ar a manyan finafinai, ruwa da wuta. Ɗigon ruwa yana da girman da ba ya wucewa, ba ya kuma ƙanƙancewa don an roƙe shi, saboda haka in ya fantsama kusa da ƙaramin jirgi sai a ga ɗigo ɗaya ya kai girman taga. Harshen wuta ma haka. Dabara ɗaya ce mai inganci, a ƙara girman samfurin da faɗin ruwan, shi ya sa Toho ta haƙa wani makeken tafki a 1960, kimanin mita 88 a 72, wanda aka riƙa ɗaukar jiragen yaƙi da fitowar dodanni daga teku a cikinsa har zuwa 2004. Gajimaren aman wuta kuma, fenti akan zuba a tankin ruwa, yana nitsewa yana buɗewa, sai a kifar da hoton ya zama hayaƙi mai tashi sama. A Rodan na 1956, fim ɗin dodo na farko mai launi da Toho ta yi, narkakken ƙarfe aka kwarara ya zama aman dutsen Aso. Zafin ya tsinka wayar da ke riƙe da Rodan, dodon mai kama da tsuntsu, ya faɗa cikin wutar, masu ja suka yi ta ƙoƙarin ɗaga shi, Tsuburaya kuma ya hana a tsayar da kyamara. Abin da ya fito shi ne halitta tana fafutukar tashi tana kasawa, kuma da shi aka rufe fim ɗin.

Waya sana'a ce mai zaman kanta. Duk abin da ya tashi sama, jirgi ne ko dodo mai fikafikai irin Mothra, a siririyar wayar ƙarfe yake rataye, an shafa mata launin labulen baya. Wani lokacin akan rataye jirgin a kife, a kifar da hoton daga baya, wayar ta koma ƙasansa inda mai kallo ba ya neman ta. King Ghidorah na 1964, mai kai uku da jela biyu da fikafikai, mutum ɗaya ne a ciki, amma sai da ayarin ma'aikata a saman rumfa kowa da wayarsa, kuma kawunan suna yawan sarƙewa. Inda aka ga mutane suna gudu dodo na leƙowa ta bayan tudu, hotuna biyu ne aka ɗauka daban aka haɗa a fim ɗaya, an rufe rabin wannan da rabin wancan. Hasken numfashi da walƙiya kuwa da hannu ake zana su, hoto bayan hoto.

Kada a manta da kunne, domin rabin nauyin da kake ji daga can yake shigowa. An gwada kukan dabbobi bai gamsar ba, sai mai tsara kiɗan, Akira Ifukube, ya sassauta tsirkiyar wani ƙaton goge na Turawa, irin wanda ake tsayarwa a ƙasa, aka goga ta da safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro, sannan aka rage saurin faifan. Wanda ya taɓa ganin mai goge yana shafa ƙaro kafin ya fara kiɗa ya san abin da ƙaron yake yi. In ka kashe sautin fim ɗin ka kalli tafiyar dodon, za ka ga ya rage ƙiba.

Saura dalilin da ya sa ba su bar dabarar ba bayan sun sami kuɗi. Na farko, ta karɓu: King Kong da Godzilla na 1962 ya sayar da tikiti sama da miliyan 11 a fitowarsa ta farko. Na biyu, tana da sauri, kuma da Tsuburaya ya kafa kamfaninsa a 1963, ya fito da Ultraman a talabijin a 1966, sai ya zama ana bukatar dodo kusan kowane mako, abin da 'yar tsana mai motsi ƙiris-ƙiris ba za ta taɓa iyawa ba. Wanda ya kalli Power Rangers yana yaro ya ga jikan wannan sana'a, domin faɗace-faɗacen cikinsa daga shirin kamfanin Toei na Japan aka yanko su. Na uku, riga tana ba da abin da 'yar tsana ba ta bayarwa: dodo da gini da wuta da ƙura duk suna gaban kyamara a lokaci ɗaya, suna taɓa juna da gaske. Akwai kuma ra'ayin da nake ganin yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ba na son a ja shi da nisa, cewa mutanen da suka saba da wasan 'yar tsana na bunraku, inda masu motsa ta suke tsaye a fili kowa yana ganinsu, ba sa ɗaukar ganin hannun mai sana'a a matsayin aibi. Mu ma ba mu taɓa tsayar da ɗan tashe mun ce gemunsa auduga ce ba.

Duk da haka yaranka ba su yi laifi ba, kuma ina kyautata zaton na shekarun 1970 kuka kalla. Talabijin ta kwashe masu zuwa sinima, Toho ta karkata ga yara, Tsuburaya ya rasu a Janairun 1970, kasafi ya tsuke. Magajinsa Teruyoshi Nakano gwani ne, musamman a fashewa, amma an bar shi da filin ƙasa fetal babu birni, da tsofaffin riguna da suka fara yagewa, da hotunan da ake yankowa daga finafinan baya, har a ga faɗa ɗaya yana tsalle tsakanin dare da rana. A wannan zamanin ne Godzilla ya tashi sama da numfashinsa a 1971, ya kuma yi sulu a kan jela ya kai duka da ƙafa biyu a 1973. Fim ɗin 1975 bai sayar da tikiti miliyan ɗaya ba, aka jingine dodon shekara tara. Ƙari a kan haka, kwafin da ake kallo yau an wanke shi an ƙara masa haske, yana nuna wayoyin da allon sinima na wancan lokaci ya ɓoye.

Da ya dawo a 1984, benayen Tokyo sun riga sun fi shi tsawo, sai aka ɗaga shi zuwa mita 80, daga baya 100 a 1991. Wannan ya zo da hasara da ba kowa ya lura da ita ba, domin mai riga bai ƙara tsawo ba, gine-ginen ne suka ƙanƙance zuwa ɗaya cikin 40 da ɗaya cikin 50, tagogi da fale-fale suka ragu, birni ya koma kamar akwatuna. Wanda ya nuna cewa sana'ar ba ta tsufa ba shi ne Shinji Higuchi, a finafinan Gamera uku, wato ƙaton kunkurun kamfanin Daiei, da Shusuke Kaneko ya ba da umarni a 1995 da 1996 da 1999. Higuchi ya fitar da samfurin gari waje ƙarƙashin rana ta gaske, ya sauke kyamara daidai idon mai tafiya a ƙasa, ya cika gaban hoton da turakun lantarki da allunan shaguna, ta yadda sai ta tsakaninsu ake hango dodon. A ra'ayina nan ne aikin riga da ƙaramin gini ya kai ƙololuwarsa.

Godzilla na 2004 shi ne babban fim na ƙarshe da Toho ta yi da riga, bayansa aka rushe tafkin. Shin Godzilla na 2016, na Hideaki Anno da Higuchi, da kwamfuta aka zana dodonsa mai mita 118.5, amma sai da aka ɗauko Mansai Nomura, ɗan wasan gargajiya na kyogen, aka naɗi motsin jikinsa aka ɗora wa zanen, kuma da gangan aka bar fatar tana kama da roba. Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki, wanda ya fito a 2023, ya mayar da tsawon zuwa mita 50.1, ma'aikata 35 suka haɗa hotuna 610, kuma a Maris 2024 ya ci lambar Oscar ta dabarun hoto, karo na farko da wani fim ɗin Godzilla ya samu. Kwamfuta ta warware matsalar ruwa da wuta, amma lissafin faɗuwa yana nan yadda yake, kuma mai zanen da ya sa dodo mai mita 100 ya juya da saurin kyanwa zai ba da dariya fiye da rigar roba. Ita ma rigar ba ta mutu ba, tana aiki a shirye-shiryen Ultraman, tsofaffin samfura kuma ana adana su a wata cibiya da aka buɗe a Sukagawa a 2020.

In za ka sake zama da yaran, Malam, ka nemi Gojira na 1954 na asali mai harshen Japananci da fassara a ƙasa. Akwai wani kwafin da aka fitar a Amurka a 1956, wanda aka yanke wurare da dama, aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka rage maganar nukiliya. Ku kashe fitila, ku ƙara sauti, ka ce su ƙirga sakan nawa hasumiyar agogo take ɗauka kafin ta kai ƙasa. Sai dai ka fara kallonsa kai kaɗai in akwai ƙanana a cikinsu, domin bayan wucewar dodon akwai wurin da aka nuna asibiti cike da masu rauni a kwance a ƙasa, likita yana kara na'urar auna tururin nukiliya a jikin wani yaro, ita kuma tana ta ƙara.